Hadarin Bazara da Ambaliya a Kaduna: Iya Inda Hasashe Ya Tsaya

Tambaya: Malam, a Kaduna nake zaune, gidana ba nisa da kogi, ina kuma da 'yar gona a hanyar Kachia. Duk bazara sai wayata ta nuna za a yi ruwa ƙarfe kaza, a wuni ba ko ɗigo. Ranar da ta nuna rana tsaf kuma, hadari ya taso ya kwashe wa mutane kwano. Masu hasashen nan sun san abin da suke yi kuwa? Yaushe kuma ya kamata in fara tsoron ambaliya?

Amsa: Sun sani, Malam, amma saninsu bai kai inda wayarka take nuna maka ba. A watan Afrilu ko Mayu, mai hasashe na ƙwarai zai iya gaya maka tun da safe cewa yau ranar hadari ce a yankin Kaduna. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce a Kawo zai sauka ko a Sabon Tasha, da la'asar ko bayan isha'i. Wannan sai ya rage awa 2 ko 3 ake ganinsa. Ambaliya kuwa iri biyu ce a garin nan, kowace da lokacinta, kuma wadda kake tsoro saboda kogi ba a bazara take zuwa ba.

Iska biyu ke rabon shekara a ƙasar nan. Ɗaya busasshiya ce, daga Sahara take gangarowa ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu mai hazo da fasa leɓe. Ɗayar daga tekun Atilantika take hawowa ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar nan ba a zaune take ba: a Janairu tana can kusa da bakin teku, a Agusta ta wuce Agadas a Jamhuriyar Nijar. Wajen Maris zuwa Afrilu take ratsa Kaduna, kuma kowa yana jin wucewarta a jikinsa. Zafi mai ƙuna ya koma mai gumi, dare ya ƙi yin sanyi, iska ta juyo daga kudu.

Sai dai ruwa ba a kan iyakar yake sauka ba. A nan danshin bai da kauri, busasshiyar iska na danne shi daga sama. Sai iyakar ta yi gaba da kilomita 200 ko fiye sannan hadari ke samun abin da zai tashi da shi. Shi ya sa Kafanchan da Kagoro ke shan ruwa tun Afrilu, garin Kaduna ya biyo baya, Zariya da Makarfi su jira har tsakiyar Mayu ko ƙarshensa. Iyakar kuma ba tafiyar miƙe take yi ba. Takan matsa arewa kwana 4, a yi ruwa, ta ja da baya kwana 10, ƙasa ta bushe ƙurmus. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar gonarka.

Yadda hadarin yake haɗuwa shi ne: rana ta gasa ƙasa, zafi ya haura digiri 35, iska mai ɗumi da danshi ta tashi sama. Tana hawa tana hucewa, tururin da ke cikinta ya koma ɗigon ruwa, girgije ya yi tsiri har kilomita 15 ko fiye, can ƙololuwarsa ƙanƙara ce zalla. To a bazara, iskar da ke tsakanin girgijen da ƙasa tana nan da sauran bushewar rani. Ruwan da ya fara zubowa sai wani kaso ya ƙafe tun bai iso ba, ƙafewar ta sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta rufto ƙasa da ƙarfi, ta bazu. Ita ce sanyayyar iskar nan mai ƙura da ke riga ruwa isowa, kuma gudunta kan kai kilomita 80 zuwa 100 a awa. Ita ke ɗaga kwano, ta karya turakun wuta, ta tuge dalbejiya. A Agusta sama da ƙasa duk sun jiƙe, shi ya sa marka ke zuwa a natse, a wuni ana yi ba wanda rufinsa ya motsa. Ɓarnar iska a farkon damina take, sai kuma ƙarshenta wajen Oktoba, lokacin da bushewa ta fara dawowa.

Tsofaffin da suka ce hadarin gabas shi ne hadari ba su faɗi ƙarya ba. Danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, amma a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke jan hadarin. Sanyayyar iskar da ya zubo ƙasa kuma tana shiga ƙarƙashin mai ɗumin da ke gabansa, ta ɗaga ta, sabon hadari ya tashi. Haka zai yi ta haifar kansa, ya jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, wani ma ya kwana yana tafiya. Tsaunukan Jos suna cikin wuraren da irin wannan ke yawan tasowa, domin tudu na taimaka wa iska hawa. Daga Jos zuwa Kaduna a miƙe bai kai kilomita 200 ba. Hadarin da ya haɗu a can da azahar ko la'asar, ka lissafa da kanka, magariba ko isha'i yana kanmu. Wannan ne dalilin da ya sa ruwan bazara mai ƙarfi a garin nan ya fi zuwa da yamma ko da dare.

Yanzu ga wayarka. Manhajojin nan ba su da ɗan aike a Kaduna. Lissafin manyan kwamfutoci suke ɗebowa, galibi na cibiyar Turai ko na Amurka. Kwamfutocin suna yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida kilomita 9 zuwa 13, su lissafa yadda iska da zafi da danshi za su sauya. Hadari guda na bazara kuwa faɗinsa bai wuce gida ɗaya ko biyu ba, rayuwarsa kuma ƙasa da awa ɗaya in bai zama layi ba. Kwamfutar ba ta ganinsa sosai, kintatarsa take yi. Ga kuma ƙarancin awo: a Turai tashoshi birjik suke, ana sakin balan-balan mai na'ura safe da dare yana auno sama, a Afirka ta Yamma kuwa masu yin haka a kai a kai 'yan kaɗan ne. Masu bincike sun sha gwadawa, sun ga cewa a yankinmu hasashen ruwan gobe na waɗannan kwamfutoci da ƙyar yake fin wanda zai duba tarihin ruwan wannan mako a shekarun baya kawai. Suna da wata ɗabi'a kuma da aka san su da ita: su kawo ruwa da wuri, tun da rana tsaka, su mai da shi yayyafi a ko'ina, alhali na gaske zuwa yake da dare, a zuba shi a wuri guda.

Ka ɗora tukunyar ruwa a murhu. Ka san za ta tafasa, kana ma iya kintatar minti nawa, amma ba ka san ta wane gefe tafasar farko za ta ɓullo ba. Matsayin mai hasashe ke nan da safiyar ranar bazara.

Saboda haka in wayar ta nuna kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a ranaku 10 masu irin wannan yanayi, wajen 6 akan samu ruwa a wurin. Huɗun da ba a samu ba suna cikin lissafin. Ka ɗauki ranar, ka yi watsi da awar. Hoton girgije da aka liƙa a kan ƙarfe 3 na rana, ni ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Abin da ke aiki shi ne hasashen kurkusa, na awa 1 zuwa 6. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 10 zuwa 15, dare da rana, suna auna sanyin saman girgije. Girgijen da samansa ya kai digiri 60 ko 70 ƙasa da sifiri, an san ya yi tsawo ƙwarai, akwai tsawa da ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa. In aka jera hotuna 4 ko 5 sai a ga inda ya dosa da saurinsa. Da wannan ma'aikatan NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, suke gargaɗin jiragen sama, kuma hotunan suna nan kyauta a intanet, manhajoji da yawa suna nuna su. In za ka buɗe waya, hoton nan za ka buɗe, ka dubi gabashin Kaduna. Hasashen kwana 3 da NiMet ke fitarwa, wanda gidajen rediyo ke karantawa, ya fi na manhaja daraja, domin mutum ne ya zauna ya tace lissafin kwamfutar da sanin ƙasar.

Wanda ba ya da intanet ma bai rasa ba. In kana da ɗan'uwa ko abokin ciniki a Saminaka ko Pambeguwa, ka roƙe shi ya riƙa bugo maka in hadari mai iska ya wuce su. Ka samu awa 2 ko kusa da haka ke nan, wanda ya isa a kwashe shanya, a ɗauko yara daga Islamiyya, a janye mota daga gindin bishiya. Ba kowane hadari wannan ke kamawa ba. Wani a kanmu yake haihuwa cikin rabin awa, wani kuma ya mace a hanya ko ya zame ta Kachia. Amma manyan da suka fi ɓarna yawanci matafiya ne.

Nakan ji masu cewa wannan aiki shiga hurumin Allah ne. Ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma manomin da ya ga gabas ta yi baƙi ya ce a shigo da awaki ba duba ya yi ba, alama ya karanta. Na'ura ta ƙara masa nisan gani ne kawai.

Maganar tsawa gajera ce. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da 30, kana cikin inda za ta iya kaiwa. Ka shiga ɗaki ko mota mai rufi, kada ka fake a gindin mangwaron gona, ka kuma ba ta rabin awa bayan cida ta ƙarshe. Rufi kuma a Maris ake dubansa: katakon da gara ta ci da ƙusar da ta saki su ne ke ba iska hannu.

Gonarka. Kowace shekara, wajen Janairu ko Fabrairu, NiMet na fitar da hasashen damina gaba ɗaya: lokacin faɗuwarta a kowace ƙaramar hukuma, tsawonta, yawan ruwa, da inda ake tsoron tsayawarsa. An gina shi ne a kan tarihin ruwan wurin da kuma zafin tekuna, musamman Fasifik. Yana da amfani wajen zaɓar iri, mai saurin nuna ko mai dogon zango, da sanin lokacin da za a tanadi taki. Amma ranar da aka rubuta a ciki tsakiyar zato ce, tana iya gaba ko baya da mako guda ko fiye. Kuma ruwan farko ba shi ne faɗuwar damina ba. Ɗaya daga cikin ma'aunan da masana noma ke amfani da su shi ne a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a yi fiye da mako guda ba ruwa a cikin watan da ya biyo. Rabin farko kana iya ganinsa, rabi na biyu kuwa ja da bayan iyakar nan ke lalata shi. Da tsadar irin masara a yanzu, shawarata ita ce ka bar ruwan farko ya wuce, ka yi sharar gona da huɗa, ka jira na biyu ko na uku, ka tona ka ga danshi ya kai tsawon tafin hannu. In gonar da girma, ka raba shukar biyu. Takin zamani kuma, musamman yuriya, a binne shi a ƙasa mai danshi bayan ruwa. Wanda ya watsa shi yana ganin hadari, rafi ya yi wa taki.

To, ambaliya. Ta farko ita ce ta kwata da rafi, kuma ita ce ta bazara. Garin Kaduna na samun wajen milimita 1,200 a shekara, amma a nan jimilla ba ta da muhimmanci, saurin zubar ne abin dubawa. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Hadari guda na iya sauke milimita 50 cikin awa ɗaya. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, wannan ya haura lita 23,000, wato sama da jarka 900 mai lita 25, daga gida ɗaya tak. Da can ƙasa ke shanye kaso mai yawa. Yanzu rufin kwano ne, tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok, duk ruwan titi yake fita cikin 'yan mintuna. Ya tarar da kwatar da ta yi wata 6 tana cin leda da yashi da robar ruwa, kwalbati ya toshe, sai ya nemi hanya ta cikin gidaje. Wannan ba ta bukatar kogi. Tana iya cin gidan da ke kan tudu in yana bakin hanyar ruwa, tana tashi cikin rabin awa, ta janye kafin gari ya waye. Gargaɗinta ɗaya ne da na hadarin, awa 2 ko 3, wani lokaci ba ko ɗaya. Abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025, inda ruwan dare ya hallaka sama da mutum 150, ya isa ya nuna cewa farkon damina ba lokacin sakin jiki ba ne.

Yawancin waɗanda irin wannan ruwa ke ci, tsallakawa suka zo yi. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babba. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da babba. Da dare kuma ba ka sanin ko kwalbatin na nan ko ya tafi. Mai babur ko Keke da ya ce maka ya saba bi, ka sauka ka biya shi.

Ta biyu ita ce ta kogi, wadda ta shafe ka kai tsaye. Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, amma mazaunin bakin kogin Kaduna, wanda bai dake shi ba ne ke shigo masa ɗaki. Kogin daga tsaunukan Jos ya taso, yana tattaro ruwan ƙasar Lere da Kauru, Galma da ta biyo ta Zariya ta zubo masa, duk kafin ya shigo gari. A Afrilu da Mayu duwatsun cikinsa a waje suke, ƙasa na jin ƙishi, hadari 2 ko 3 ba za su cika shi ba. Sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ƙasa ta ƙoshi, fadamu sun cika, duk ɗigon da ya sauka gangarowa yake. A lokacin in aka jera kwana 3 ko 4 ana ruwa a can sama, kogin zai tumbatsa a nan ko da rana ake ƙwallawa a Barnawa. Manyan ambaliyar da garin ya gani, ta 2003 da ta 2012 da ta 2015, duk a wannan tsakanin suka zo, kuma unguwannin da ake ambata kusan su ne dai kullum: Kigo Road, Bashama Road a Tudun Wada, gangaren Unguwar Rimi da Kabala, Rafin Guza, Nasarawa, sai bakin rafin Romi.

Wannan ta fi ta bazara sauƙin hange nesa ba kusa ba, domin ruwan tafiyar yini da kwana yake yi kafin ya iso. Hukumar NIHSA, mai kula da koguna, tana fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ganin sunan Kaduna ta Arewa ko Chikun a ciki ba ya nufin ko'ina zai nutse, ƙaramar hukuma faɗi gare ta. Tsayin gidanka a kan kogin shi ne magana. Ka tambayi dattawan layinku inda ruwa ya tsaya a 2003 da 2015, ka dubi tsofaffin katangu, sau da yawa zanen yana nan. In dandamalin ɗakinka yana ƙasa da wannan zane, to a makwancin kogi kake, ko da an yi shekara 10 bai leƙo ba. Filayen nan da rani ake sayar da su, shi ya sa suke da araha.

Wata magana da ke yawo a WhatsApp duk shekara ita ce an buɗe dam ɗin Lagdo, mutanen Kaduna su yi hattara. Lagdo a Kamaru yake, a kan kogin Binuwai, ruwansa Yola da Makurdi da Lokoja yake bi, ba abin da ya haɗa shi da mu. Shiroro a kan kogin Kaduna yake, gaskiya ne, amma a ƙasa da mu, cikin jihar Neja. In an buɗe shi mutanen da ke ƙasa da shi ne ke shiga uku. Namu ruwan daga gabas da arewa yake zuwa, can za ka kasa kunne.

Daga tsakiyar Agusta, ka samu wani abu tsayayye a bakin kogin kusa da ku, ƙafar gada ko dutse ko turken da ka kafa, ka yi masa zane da fenti, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu. Ka riƙa dubawa safe da yamma, ko ku raba aikin da maƙwabta. Saurin hawan ya fi tsayin muhimmanci: ruwan da ya yi kwana 3 a zane ɗaya bai kai wanda ya ci zane 2 tsakanin azahar da magariba haɗari ba. Takardun gida da na makaranta su kasance a leda guda a wuri mai tsayi tun kafin lokacin, ka kuma san gidan da za ka kai iyali, ka yi magana da mai gidan tun yanzu. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Ranar da ka ga kogin yana hawa da sauri kuma ana ci gaba da ruwa a gabas, a kashe wuta daga mita, mata da yara da tsofaffi su fita da sauran haske, kaya su biyo baya in an samu hali.